Waiwaye: Tsakanin Yankan Riɗi da Ramukan Dara

Riɗi ba ya jiran kowa. Ranar da ganyensa ya yi rawaya ya soma kakkaɓewa, manomi ya shiga tsere da rana ke nan. In ya yi sakaci na 'yan kwanaki, kwanson zai bushe ya tsage, ƙwayar ta tsiyaye cikin tsagogin baƙar ƙasa, wahalar damina guda ta zama rabon tururuwa. Shi ya sa daga ƙarshen Satumba zuwa cikin Oktoba, wanda ya biyo titin Sinja zuwa Damazin ya tsaya shan shayi a Abu Hujar zai tarar da unguwanninmu babu maza sai tsofaffi da 'yan makaranta. Motocin lori da taraktoci sun kwashe majiya ƙarfi tun duku-duku zuwa manyan gonakin Dali da Mazmum, inda ake yanka da lauje, a ɗaure dami-dami, a jingina su a tsaye su sha iska. Wasu har da farin wata suke yanka. A irin waɗannan kwanaki, ka ce wa mutum ya ware lokacin hutawa, ko na wani abin da ransa ke so, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Malam, ku masu jiran albashi ai sai ku huta mana."

Da gaskiyarsa. Ba da yankan riɗi nake rigima ba, makonni ne ƙalilan su wuce. Abin da ya dame ni shi ne yadda muka wayi gari shekarar gaba ɗayanta ta koma yankan riɗi. Wanda ya dawo daga gona ya hau raksha, keken nan mai ƙafa uku, yana ɗaukar fasinja. Malamin makaranta ya tashi daga aji ya buɗe teburin sayar da katin waya. Matar da ta gama tuyar kisra ta ɗora tukunyar godo-godo na sayarwa. Ka tambayi kowa yaushe rabonsa da ya zauna ya yi wani abu don kawai yana jin daɗinsa, amsar ɗaya ce: ina lokaci?

Nakan ji samari suna cewa mutanen da sun samu sararin hira ne saboda aikinsu bai kai namu ba. Wanda ya faɗi haka bai san ta inda aka biyo aka zo nan ba. Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da ragowar jama'a, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, suka kafa garin da har yau ke amsa sunansa, kudu da Sinnar. Kafin su da bayansu ayarin mahajjata bai yanke ba: daga Kano, Katsina, Sakkwato, Haɗeja, Damagaram, a ƙafa da jakuna, ta Borno da Wadai da Darfur, a yi shekaru a hanya ana tsayawa noma ko ƙwadago don a samu guzurin gaba. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, su ne suka cika hawashoshi, wato yankunan gonakin, da noma da tsinkar auduga, su ne suka shiga magudanan ruwa suna yasa da cire ciyawa, tsargiya da zazzaɓin cizon sauro suna cinsu. Da aka faɗaɗa aikin zuwa Manakil a ƙarshen shekarun 1950, filin ya haura fadan miliyan biyu, kuma hannun Bahaushe na cikin kowane lungu nasa. Waɗanda suka gangaro kudu ta wajenmu suka kama noman juruf, wato gaɓar da kogi ke janyewa ya bari da danshi da laka, suka kama su, suka kama tireda. Babu famfo, babu injin niƙa, babu raksha. Ruwa a kai ake ɗaukowa daga kogi, dawa a turmi ake surfawa.

Waɗannan mutane su ne na taso na tarar suna dara kullum bayan la'asar.

Wani masanin halayyar al'umma, Bawa Yamba, ya zauna cikin Hausawan Jazira ya fitar da littafi a kansu a 1995. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne jikoki da tattaɓa-kunnen mahajjata waɗanda a Sudan aka haife su, ba su taɓa ganin Makka ba, amma suna nan a kan cewa su matafiya ne, har wasunsu na ƙin gina ɗakin jan bulo don kada ya zama sun zauna. Na san irinsu, a gidansu na girma. Kakana na wajen uba ya rasu a ɗakin kara da laka, kuma duk sanda aka yi masa maganar gini sai ya ce a bari a sauke farali tukun. Ya ɗage gini, ya ɗage sayen fili, ya ɗage sabuwar riga. Abin da ban taɓa ganin ya ɗage ba shi ne ƙailularsa da dararsa. Mu kuwa mun yi ginin, har da rufin kwano, sai muka ɗage kanmu zuwa wata rana da ba mu sa mata suna ba.

Yininsa ba na malalaci ba ne. Da an sallame asuba yana kan hanyar juruf da fartanya da buta. Wajen hantsi a kai masa fatur, tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, ya ci a gindin bishiya, ya koma. Kafin azahar ya dawo, domin ranar bazara a wannan ƙasa ba abokiyar wasa ba ce. Bayan salla sai ya ja angarib ɗinsa, gadon nan na igiya, zuwa ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, ya yayyafa wa ƙasa ruwa, ya cire hula ya ɗora a fuska. Daga wannan lokaci har kiran la'asar babu shi a duniya. Kuma ba shi ke tsare wannan barci ba, gidan ne duka ke tsare masa. Yaro ya yi ihu a tsakar gida ya sha ranƙwashi. Baƙo ya yi sallama, kakata ta leƙo ta ce, "Malam yana ƙailula, a dawo bayan la'asar," ko da kuwa mai kawo kuɗi ne. Shi ma baƙon ba ya jin haushi, don ya san shi ya yi kuskuren lokaci. A nasa gidan ma haka ake yi.

Bayan la'asar kuma sai dandali. Akwai wata dalbejiya kusa da masallacin unguwa, ƙasar gindinta ta yi laushi saboda yawan tono. Ramuka talatin, layi biyar na shida-shida. Wannan ya riƙe tsinken kara goma sha biyu, wancan ya riƙe tsakuwa ko busasshen kashin raƙumi. A fara dasawa ɗaya bayan ɗaya, shiru kamar ba su san juna ba, sai an gama dasa sannan baki ya buɗe. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawa, ya ɗaga shi sama kowa ya gani kafin ya jefar. 'Yan kallo sun fi 'yan wasa zafi. Wani tsoho mai gyaran koma, wanda ban taɓa ganin ya zauna ya buga ba, shi ya fi kowa sanin inda aka yi kuskure. Yana saƙa da allurar katako, zare a haƙori, yana cewa, "Haba Malam, ai ka buɗe masa ƙofa!" Kakana ya ce, "To zo ka rufe mana." Maƙwabtanmu Larabawa suna da tasu sija a can gefe, wani lokaci a yi musayar 'yan wasa, kowa ya sha kashi a wasan da ba na gidansu ba, a yi ta dariya.

A nan ake jin farashin dawa a kasuwar Sinja, a nan ake jin wanda zai aurar da 'ya, a nan ake sa ranar gayya, wadda suke kira nafir. Amma kada in yi wa dara ƙarya in ce don waɗannan amfanoni ake zamanta. Don daɗi ake yi. Dattijo mai jikoki ya zauna a ƙasa yana murna ya cinye tsinken kara, kuma babu wanda ya ce masa zaman kashe wando yake.

Na taɓa tambayarsa, ina yaro mai rawar kai, me ya sa ba zai koma juruf da yamma ba tunda akwai sauran rana, ya ƙara ko kunya biyu ce. Ya ce, "Kai yaro, in an kawo dawa gida, iri ake fara cirewa ko sai an ci an rage?" Na ce iri ake fara cirewa. Ya ce, "To." Bai ƙara ko kalma ba, ya ci gaba da dasa karansa.

Shekara ma tana da nata ramukan. Damina ta noma ce, kaka ta girbi. Kogi yana cika a Agusta, ya yi ja da lakar ƙasar Habasha, ya shanye juruf, ya kori masunta daga tsakiyar ruwa, dole a zauna a gyara koma da kwalekwale. In ya janye a shuka wake, masara, kuɓewa, kabewa, tumatir. Bayan an kai amfani gida, sanyi ya shigo, sai bukukuwa: aure, saukar karatu, kokawa da langa a dandali da farin wata, 'yan mata na gaɗa. Mai sha'awar ɗinkin hula ya ɗauko allura, mai kiwon tattabaru ya gyara musu ɗaki, wanda ya bar allonsa tun farkon damina ya wanke shi ya koma gaban malam. Yammacin Juma'a na zikiri ne, 'yan Tijjaniyya su zagaye farin ƙyalle har faɗuwar rana. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan a takarda. Kogi da rana da kiran salla su suka yanka lokaci, jama'a kuma suka tsare yankan.

Sai dai in na tsaya a gindin dalbejiya na yi rabin gaskiya. Lokacin da maza ke ƙailula, wa ke wanke kwanonin? Lokacin da ake dara, wa ke gaban murhu tana shafa ƙullun kisra a kan doka, wato kaskon tuyarta, hayaƙi na shiga idonta? 'Yan matan da ke yawo da tiren gyaɗa da godo-godo a tasha ba su san wani abu wai shi hutun la'asar ba. Rabon bai zo daidai ba, kuma ba a kyauta ba.

Amma matan ba su zauna jiran a ba su ba. Sun ƙwaci nasu, kuma dabararsu ta fi ta maza. Jabana ita ce dandalinsu. Da hantsi, maza sun fita, an kai fatur gona, sai a taru a gidan wadda ranar ta faɗo kanta. A soya ƙwayar gahawa a kan gawayi har ta yi baƙi tana sheƙi, a zagaya da kaskon kowa ta shaƙi ƙamshin, a daka a ɗan turmi da citta, a zuba a tulun yumɓu mai dogon wuya, a toshe bakinsa da zaren kaba don ya tace. Ƙananan finjalai a tire, turaren wuta a gefe, wani lokaci da gugguru. Ba a shan jabana a tsaye, ba a shanta da gaggawa. Tulun sai ya koma wuta sau biyu ko uku. Cikin wannan zama ake tsefe kai a yi kitso, a ƙunsa lalle, a zuba kuɗin adashi. Na ga goggona tana raba aiki kamar mai raba gado: "Ke Yaya, yau yaran suna wajenki. Ke kuma amarya, ki ɗora wa gidan nan miya tare da taku, yau ranar dukhan ɗinta ce."

Dukhan ɗin nan ba ƙaramin al'amari ba ne. Rami ne a bayan ɗaki, a sa itacen ɗalha ya ci ya koma hayaƙi mai ƙamshi, mace ta shafe jikinta da mai, ta zauna a kan tabarma mai huda a tsakiya, ta lulluɓa da bargo mai kauri, ta yi gumi har gaɓoɓinta su saki. Bayan nan a murje jiki da dilka. Daga maƙwabta iyayenmu suka koya, suka riƙe. Yau a Kano da Kaduna da Abuja dilka da dukhan sana'a ce mai tsada, ana kai amare ana biyan maƙudan kuɗi, ana kiransa gyaran jiki irin na Sudan. A nan kuwa matar da ta yini tana tsinkar auduga ita ma tana da raminta, kuma in ta shiga, ko mijinta bai isa ya ce ta taso ta ba shi ruwa ba. Abin lura shi ne ba ita kaɗai ta samar wa kanta wannan sa'a ba. Wata ce ta riƙe mata yaro, wata ta duba mata tukunya, gobe ita ma ta rama. Adashi suke yi, na lokaci.

Akwai kuma wadda abin sha'awarta ya fi ƙarfin tsakar gida. A'isha Musa Ahmad, wadda duk Sudan ta sani da A'isha Falatiya, 'yar gidan malamai ce daga cikin mutanenmu, ta yi karatun allo, amma waƙa ta ja ta, gida kuma ba su so ba. A farkon shekarun 1940 muryarta ta fita a gidan rediyon Omdurman, lokacin da mace ta yi waƙa a bainar jama'a abin kunya ne, 'yar uwarta Jidawiyya na kaɗa mata udu. Ta yi waƙa da Larabci, ta yi da Hausa, ta rasu a 1974. Dattawan da suka yi tir da ita a lokacin, jikokinsu ne yau ke ambaton sunanta in ana gardamar me Bahaushe ya ƙara wa ƙasar nan. Ba cewa nake kowace mai ɗan ƙunƙuni a bakin murhu za ta zama Falatiya ba. Amma muna da saurin kiran abu shiririta in bai kawo kuɗi a ranar ba.

To me ya cinye ramukan? Ba lalaci ba ne, ba kuma kwaɗayi kaɗai ba. Injin ban ruwa ya zo, alheri ne, amma ya share tazarar da ke tsakanin amfani da amfani: mai lambun ayaba da mangwaro ba shi da rani, ba shi da damina. Kudancin Sudan ya ɓalle a 2011 ya tafi da mafi yawan man fetur, kuɗin ƙasa ya fara zubewa, har hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin ɗari a 2021. Sana'a ɗaya ta daina riƙe gida. Samari suka bazama wuraren haƙar zinariya, waɗanda suka rage suka haɗa aikin mutum biyu. Raksha ta shigo, wadda yawanci ba ta direban ba ce, akwai kuɗin da zai kai wa mai ita kowace yamma ko an samu ko ba a samu ba. Mutumin da ke bin wannan lissafi ba ya iya kallon fasinja a bakin titi ya ce yana ƙailula. Kogin ma ya canza hali. An gina madatsar Rusairis a 1966, aka ƙara mata tsawo a 2013, sannan Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a 2020. Cika da janyewar da masu juruf da masunta suka gada suna lissafi da su yanzu sun koma hannun masu buɗe ƙofofin ruwa.

Sai waya. Ita ba ta hana mu hutu kai tsaye ba, ta ba mu wani abu mai kama da shi. Mutum ya kwanta a angarib da niyyar runtsawa, ya ce bari ya duba WhatsApp, sai kiran la'asar ya same shi ido ya yi ja, ya kalli faɗan mutanen da bai sani ba a TikTok, ya ji mutuwar mutum uku, an tuna masa bashi. Jikinsa ya kwanta, amma bai huta ba, bai kuma yi wani abin da zai nuna ya ce ga abin da na yi ba. Waya ta kuma kashe waccan kalma ta kakata. Yanzu babu mai tsayawa a ƙofa ta ce a dawo bayan la'asar, mai nemanka yana cikin aljihunka.

Gwamnati ma ta taɓa gwada hannunta a kan lokaci. A farkon 2000 aka tura agogon Sudan gaba da awa guda, aka kira abin bukur, wai don mutane su riƙa sammako aiki ya ƙaru. Yara suka riƙa fita makaranta cikin duhu. Tsofaffinmu ba su ko motsa ba, suka riƙa tambaya in an sa musu lokaci, "Na gwamnati ko na rana?" Aka shekara goma sha bakwai ana wannan, sai a Nuwamban 2017 aka mayar da agogo inda yake. A 2008 kuma aka ƙara Asabar a kan Juma'a ta zama ranar hutun ma'aikata. Ma'aikacin da na sani bai huta ranar Asabar ba, gona ya tafi, ko kasuwa. Hutun da aka rubuta a takarda, in babu jama'ar da za ta tsare shi, aiki ne ke cinye shi.

Jiki kuwa magayi ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin awa 55 ko fiye a mako. Awa 55! Direban raksha a garin nan kafin Alhamis ya wuce nan. Ba ma buƙatar takardar tasu mu san haka. Mun ga mutum ɗan shekara arba'in da 'yan kai ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, a ce hawan jini ne, alhali bai taɓa zama an gwada shi ba saboda layin asibiti zai ci masa rabin yini. Ajali na Allah ne, babu musu. Amma malaman da ke karanta mana labarin Salmanul Farisi da Abu Darda'i, yadda baƙon ya hana mai masaukinsa azumin nafila da tsayuwar dare har sai ya ci ya yi barci ya kula da iyalinsa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu, ba tatsuniya suke ba mu ba. In ibada ma an ce a sassauta saboda haƙƙin jiki, ina ga neman kuɗin cefane?

Daga nan sai abin da ya fi ƙarfin duk wannan lissafi ya zo. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, aka kashe mutanenmu da na maƙwabta a Rusairis da kewaye, a Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, iyalai suka kwararo arewa, wasu ta garin nan suka bi. A 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya tashi a Khartum. Wad Madani ta faɗi hannun dakarun Da'amus Sari a Disamba, Sinja a ƙarshen Yunin 2024, kuma a Agustan 2024 ɗin aka yi kisan Jalkani, nan kusa da mu, inda mutane fiye da tamanin suka rasa rayukansu. Allah ya jiƙansu. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamban 2024, Madani a Janairun 2025.

Ba zan tsawaita a nan ba, ciwon bai warke ba. Abu guda kawai zan ɗauko wanda ya shafi maganarmu. Mutanen da suka shekara suna cewa ba su da lokaci, sai ga lokaci ya zube musu har ya yi yawa: a ajin makarantar da aka mayar masauki a Gadarif ko Kasala, babu gona, babu kasuwa, daga safe har dare. Babu wanda ya kira wannan hutu. Zaman zullumi ne, yana cin mutum fiye da noma. Kuma waɗanda na ga sun fi jurewa su ne masu wani abu a hannu. Wata tsohuwa ta samo kaba ta fara saƙa faifai, ba don akwai mai saye ba. Wani mai agashe da ya rasa tukubarsa ya zauna yana koya wa yara haɗa yajin ƙuli, ko naman babu. Mata suka haɗa 'yan kuɗinsu suka sayi gahawa ƙwaya kaɗan, suka dafa a gwangwani. Dattawa kuwa, kwana kaɗan da sauka, suka tona ramuka talatin a bayan aji. Wanda duk rayuwarsa ba shi da komai sai aiki, da aka ƙwace aikin sai ya zauna yana kallon bango.

Yanzu da aka fara komowa, kowa na cewa sai an farfaɗo tukun. A gyara rufi, a biya bashi, a maye injin da aka sace, sannan a huta. Na fahimci wannan, ni ma cikinsa nake. Amma na san wannan "tukun" ɗin, ba ta da ranar cika. Kuma shawarar da ake ba mutum shi kaɗai, wai ya tashi da wuri ya ware wa kansa rabin awa, ba ta aiki a gidan da mutum goma ke kwana kuma ƙofa ba ta rufuwa. A wajenmu mutum ɗaya ba ya iya tsare lokacinsa. Sai an haɗa baki: miji ya san ranar jabanar matarsa ya ɗebe mata yara ko ya haƙura da abincin rana mai sauƙi, 'yar talla a ba ta yammaci guda ta yi gaɗa da sa'o'inta, abokan sana'a su yarda a kan sa'ar da kowa zai ajiye, don kada mai hutawa ya ji ana kwashe masa ciniki.

Wasu direbobin raksha a unguwarmu sun fara gwada haka. Sun yi magana a tsakaninsu cewa ranar Juma'a daga la'asar zuwa magariba kowa zai kashe inji, a bar mutum biyu bisa juyi saboda mara lafiya ko mai naƙuda. Samarin cikinsu suna buga ƙwallo a filin bayan makaranta, rabi magoya bayan ƙungiyar Hilal rabi na Marikh kamar kullum, manyan kuma suna gefe da tulun jabana. Ba kowa ke cikawa ba. An kama ɗaya ya zagaya ta bayan kasuwa yana ɗaukar fasinja, da aka tsare shi ya ce, "Wallahi Yaya, hanya ce ta biyo da ni." Har yanzu ba a daidaita a kan tarar irinsa ba. Wasu sun ce ya biya kuɗi, wasu sun ce ya sayo gawayi da sukarin mako mai zuwa. Masu cewa sukari sun fi yawa.